Dimock: ƙauyen da rijiyar ruwan sha ta yi bindiga, aka kusa shekara 14 ana jan magana

Ranar 1 ga Janairun 2009, ana tsakiyar sanyin ƙanƙara, rijiyar wata dattijuwa ta yi bindiga a wani ƙauye da ake ce wa Dimock, can arewa maso gabashin jihar Pensilbaniya a Amurka. Rijiyar ruwan sha fa nake nufi, irin bohol ɗin da mutum ke haƙawa a bayan gidansa ya sa masa injin turo ruwa. Iskar gas ce ta taru a ramin da injin yake, injin ya tashi, tartsatsi ya kama, murfin kankare mai nauyin gaske ya tsage ya yi gefe. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji ciwo. Daga wannan rana zuwa ranar da kamfanin da ake zargi ya tsaya gaban alƙali ya yarda zai biya kuɗin jawo wa mutanen ruwan famfo, sai da aka kusa shekara 14. Wannan jinkirin ne ya dame ni har na zauna na bi diddigin lamarin, domin ƙasa ce mai hukumar muhalli ta tarayya da ta jiha, ga kotuna ga jami'o'i ga ɗakunan gwaji iya ganinka, amma tambaya ɗaya tak, waye ya ɓata ruwan nan kuma waye zai gyara, ta gagari kowa tsawon wannan lokaci.

Dimock ƙaramin wuri ne a gundumar Susquehanna, mutanensa ba su wuce 1,500 ba, yawanci kiwon shanun madara da fasa dutse suke yi, ba masu kuɗi ba ne. Babu ruwan famfo na gwamnati a wurin, kowane gida da rijiyarsa. Amma a ƙarƙashinsu, zurfin sama da mil ɗaya, akwai wani baƙin dutse shimfiɗe da ake kira Marcellus wanda ke cike da gas, kuma ɓangaren da ke ƙarƙashin Dimock na daga cikin mafi albarka. Toh a Amurka ba kamar Najeriya ba ne da duk ma'adinin ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, a can sau da yawa mai fili shi ke da abin da ke ƙasan filinsa, shi ya sa daga 2006 wakilan kamfanin Cabot Oil & Gas na birnin Houston suka dinga bi gida gida da takardar haya. Waɗanda suka sa hannu da wuri an ba su dala 25 a kan kowace eka, tare da alkawarin kaso daga gas ɗin da za a sayar, wanda dokar jihar ta ce kada ya gaza kashi 12.5 cikin ɗari. Bayan shekara biyu wasu a yankin dubban daloli suke karɓa a eka ɗaya. Kaga tun daga nan an fara samun ɗaci tsakanin maƙwabta.

Bari in ɗan yi bayanin yadda aikin yake don duk rigimar a nan take. Wannan dutsen ba ya sakin gas da kansa, a matse yake kamar ƙarfe. Sai a haƙa rami a miƙe har a kai gare shi, sannan a lanƙwasa bakin injin ya bi cikin dutsen a kwance na tsawon kilomita ɗaya ko fiye. Daga nan a tura ruwa da yashi da sinadarai da matsanancin ƙarfi har dutsen ya tsattsage, yashin ya maƙale a tsagar ya hana ta rufewa, gas ya samu hanya ya taso. Wannan turawar ita ake kira firakin. Rijiyar gas ɗaya a lokacin tana shan galan miliyan 4 zuwa 5 na ruwa, ka ƙiyasta tankar mai irin ta lita 33,000 sama da guda 450. Sinadaran ba su kai kashi 1 ko 2 cikin ɗari ba, amma kashi 1 na galan miliyan 5 ai ba ƙaramin abu ba ne. Wani ɓangare na ruwan yana dawowa sama, ya dawo da gishiri ninkin ba ninkin na teku, da bariyam, har da radiyam mai tururin nukiliya da ya kwaso daga cikin dutsen.

Kafin a kai can ƙasa dole ramin ya ratsa ta cikin ruwan da mutane ke sha, wanda ke sama sama, da kuma wasu ƙananan aljihunan gas da ke tsakani. Abin da ke raba su shi ne bututun ƙarfe, kesin kamar yadda masu haƙa bohol ke cewa, da simintin da ake ɗurawa tsakanin bututun da bangon ramin. In simintin nan bai kama da kyau ba, ko ya bar ƙofa, shikenan gas ya samu tsani, zai bi bayan bututun ya hau ya shiga ruwan mutane. Abin da ma'aikatar kare muhalli ta jihar, DEP, ta ce ya faru a Dimock kenan.

Mutanen da ke kan wata hanya da ake kira Carter Road su suka fi ji a jikinsu. Ka buɗe famfo ka tara kofi, ruwan ya fito fari fat kamar an dama madara, yana tsiyayar kumfa yana ƙara kamar lemon kwalba, in ka tara shi a jarka ka girgiza ka kusanto da ashana bakin jarkar sai ya kama da wuta. Wasu nasu ruwan ya koma ruwan ƙasa ƙasa yana ɓata kwanuka da kayan wanki. Aka sa wa rijiyoyi dogayen bututu don iskar ta dinga fita sama, mutane na wanka taga a buɗe cikin sanyi don tsoron kada gas ya taru a banɗaki, a tsakar gida kuma ga ƙaton tankin roba da motar kamfani ke zuwa cikawa. Mutum da rijiyarsa da ya haƙa da guminsa ya koma jiran mota. A Satumbar 2009 kuma aka samu malalar sinadarin firakin har sau uku cikin 'yan kwanaki a wani filin haƙa na kamfanin, kusan galan 8,000, wani ya gangara rafin Stevens Creek kifaye suka mutu.

Kamfanin ya tsaya kai da fata cewa ba shi ba ne, har fashewar rijiyar ma ya yi jayayya a kai. Hujjarsa ita ce iskar metan, wato gas ɗin nan mai kamawa da wuta, daɗaɗɗiya ce a ruwan yankin tun kafin a san da shi, kuma gaskiya wannan maganar ba ƙarya ba ce gaba ɗaya, a cikin gundumar akwai wani wurin shaƙatawa da ake kira Salt Springs inda gas ke ɓuɓɓugowa daga maɓuɓɓuga tun zamanin kakanni. Sannan akwai wata magana da masu wannan sana'a suka daɗe suna maimaitawa, wai ba a taɓa tabbatar da cewa firakin ya gurɓata ruwan sha ba. In ka bi ta a hankali sai ka ga wasa da kalma ne. Su in sun ce firakin, 'yan kwanakin nan na tura ruwa a fasa dutse can ƙasa kawai suke nufi, ban da haƙar, ban da siminti, ban da malala, ban da ruwan dattin da ya dawo. Shi kuwa mai gida in ya ce firakin duk abin da ya zo da motocin nan yake nufi. Mai gidan da ruwansa ke kamawa da wuta ina ruwansa da ko ta tsagar dutse gas ɗin ya biyo ko ta bayan bututu.

Yanzu ga inda doka ta shigo, kuma nan ne zuciyar maganar. Amurka na da dokar tsaftar ruwan sha tun 1974, a cikinta akwai sashen da ya ce duk wanda zai tura wani abu cikin ƙasa sai da izini da sa idon hukumar muhalli ta tarayya, EPA. A 1997 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya, a wata shari'a da ta taso daga jihar Alabama, ta ce ai firakin ma tura abu ne cikin ƙasa, don haka ya faɗa ƙarƙashin wannan doka. Wannan hukuncin bai yi wa kamfanoni daɗi ba. A 2004 EPA ta fitar da rahoto kan firakin a ramukan gas na kwal ta ce barazanarsa ga ruwan sha kaɗan ce ko ma babu, a 2005 kuma majalisa ta zartar da dokar makamashi wadda a sashe na 322 ta cire firakin ɗungurungum daga wancan sa idon, sai dai in an yi amfani da man dizal. Mutane suka laƙaba wa wannan giɓin sunan kamfanin Halliburton, saboda mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Dick Cheney, shi ya shugabanci kamfanin daga 1995 zuwa 2000 kuma shi ya jagoranci kwamitin da ya tsara manufar makamashin gwamnatin Bush. Tun 2009 ake kai ƙudurin toshe giɓin gaban majalisa, bai taɓa wucewa ba. Haka dattin da ake fitarwa daga rijiyoyin mai da gas, tun 1988 aka ware shi daga jerin shara mai haɗari a dokar tarayya.

Sai giɓi na biyu wanda ba a cika maganarsa ba amma ni a ganina ya fi cutar da mutanen Dimock. Ita dokar 1974 ruwan da ake raba wa jama'a take karewa, tsarin da ke shayar da mutum 25 zuwa sama ko gida 15. Rijiyar gidanka kai kaɗai ba ta cikin lissafi. Pensilbaniya kuma tana da rijiyoyin gida sama da miliyan 1, mutane wajen miliyan 3 ke sha daga gare su, amma tana cikin 'yan tsirarun jihohin da ba su da dokar jiha kan yadda za a gina irin wannan rijiya. Ba mai gwada maka, ba mai ajiye maka tarihin ruwanka. Abin da kawai ya rage wa mutum shi ne tsohuwar dokar mai da gas ta jihar ta 1984, wadda ta ce in ruwanka ya lalace cikin wata 6 da haƙa rijiyar gas, kuma kana cikin ƙafa 1,000 da ita, za a ɗauka kamfani ne da laifi sai in ya kawo hujjar wanke kansa. In ka wuce ƙafa 1,000 ko matsalar ta bayyana a wata na bakwai, toh kai ne za ka nemo hujja, ka ɗauki masana, ka biya lauya. An rubuta dokar ne don ƙananan rijiyoyin da, ba don irin waɗannan da ke tafiya a kwance ƙarƙashin gonaki goma ba.

Kaga komai ya dawo kan takarda ɗaya: sakamakon gwajin ruwanka kafin a fara haƙa. Wanda ke da ita yana da bakin magana, wanda ba shi da ita sai rantsuwa, kuma rantsuwa ba ta cin shari'a gaban masanin da kamfani ya ɗauko. Wannan ya sa da na tuna an ƙaddamar da haƙar mai a Kolmani tsakanin Bauchi da Gombe a Nuwambar 2022, abin da ya fara zuwa raina shi ne rijiyoyi da bohol ɗin ƙauyukan da ke kewaye, domin kowace irin rijiyar mai ce, da firakin ko babu, sai ta ratsa ruwan mutane da bututu da siminti, kuma gwajin kafin a fara ba ya ramuwa in lokacinsa ya wuce.

Mu koma Dimock. A farko jihar ta nuna da gaske take. Nuwambar 2009 aka ci Cabot tarar dala 120,000 aka ce ya samar wa gidajen da abin ya shafa ruwa, a watan ne kuma iyalai 15 suka shigar da ƙara kotun tarayya. Afrilun 2010 da DEP ta ga ba a gyara ba sai ta ƙara tarar dala 240,000, ta ce a toshe rijiyoyin gas guda 3, ta kuma haramta wa kamfanin haƙa sabuwar rijiya a wani yanki mai faɗin murabba'in mil 9. A ƙarshen daminar shekarar shugaban ma'aikatar, John Hanger, ya zo da kansa ya sanar cewa za a jawo bututun ruwa daga garin Montrose a kan dala miliyan 11.8, jiha ta yi aikin sannan ta bi kamfani ya biya. Mutane suka yi murna. Amma ƙauyen ya riga ya rabu biyu, masu karɓar kason gas da masu aiki da kamfanin da masu shaguna suka tashi suka ce ba su yarda ba, ana ɓata wa garinsu suna, ana korar arzikin da suka daɗe suna jira. Kuma ba zan zage su ba, mutumin da ya kusa rasa gonarsa saboda bashi sai ga cek yana shigowa duk wata, ruwansa kuma lafiya lau, da wuya ya ga abin yadda maƙwabcinsa ke gani. A Disambar 2010, ana saura kaɗan sabon gwamna Tom Corbett ya karɓi mulki, aka jingine maganar bututun, aka maye ta da yarjejeniya: Cabot zai ware dala miliyan 4.1 ga iyalai 19, kowa ninki biyu na ƙimar gidansa, ya sa musu na'urar tace gas. Wasu suka karɓa wasu suka ce su ruwa suke nema. Ranar 30 ga Nuwambar 2011 kamfanin ya daina kai ruwa da amincewar jihar. Daga nan sai 'yan sa kai da ƙungiyoyi ne ke ɗauko ruwa a mota.

Sai EPA ta shigo a Janairun 2012, ta gwada ruwan gidaje 64, a watan Yuli ta ce ba ta ga abin da zai sa ta ci gaba da ɗaukar mataki ba. Ta yarda an samu asinik da bariyam da manganis a matakin damuwa a gidaje 5, amma ta ce na'urar tacewa za ta wadatar. Kamfani ya ɗauki wannan a matsayin wanke shi, wata guda bayan nan mafi yawan masu ƙara suka sasanta a asirce da sharaɗin rufe baki. Wani gida a Carter Road kamfanin ya saye shi ya rushe, ya sayar da filin da sharaɗi a rubuce cewa ba za a sake gina gidan zama a wurin ba. A 2013 jaridar Los Angeles Times ta bankaɗo cewa ma'aikatan EPA na shiyyar sun rubuta a cikin gida cewa aikin gas ɗin na iya zama ya yi wa ruwan lahani mai daɗewa. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne na 2016: wata hukumar tarayya mai kula da guba da lafiyar jama'a, ATSDR, ta ɗauki sakamakon gwajin nan dai na 2012, ba sabo ba, ta duba da idon likita, ta ce a rijiyoyi aƙalla 27 akwai sinadarai a matakin da zai iya taɓa lafiya, a 17 kuma metan ya kai yadda zai iya tashin gobara ko fashewa. Lambobi iri ɗaya, gwamnati ɗaya, amsa biyu, tsakaninsu shekara 4 da mutane suka yi suna amfani da ruwan. Dalili shi ne kowace hukuma tambayar da dokarta ta ba ta take amsawa, EPA na tambayar ko akwai dalilin agajin gaggawa, waccan na tambayar ko ya dace yaro ko mai ciki su sha. Shi metan ma ba shi da wani ma'auni a dokar ruwan sha ta tarayya, tunda ba a lissafa shi guba ne in an sha, haɗarinsa wuta da shaƙewa.

Malaman jami'a ma sun yi ta fafatawa. A 2011 masu bincike daga jami'ar Duke suka gwada rijiyoyi 68 a Pensilbaniya da New York, suka ga waɗanda ke cikin kilomita 1 da rijiyar gas mai aiki metan ɗinsu ya ninka na nesa sau 17 a matsakaici, amma fa sun faɗa ƙarara ba su ga alamar ruwan firakin ɗin kansa a ciki ba. A 2013 suka faɗaɗa zuwa rijiyoyi 141, metan ninki 6, iskar etan ninki 23, ita kuma etan ba ƙwayoyin halittar da ke cikin laka ke yin ta ba, daga zurfi take zuwa. A shekarar wasu masana da suka yi aiki da Cabot suka fitar da nasu kan rijiyoyi 1,701 suka ce metan ko'ina akwai shi, ya fi yawa a kwari ne kawai. Duka biyun na iya zama gaskiya lokaci guda: akwai shi tun asali, kuma rijiyar da simintinta ya lalace ta ƙara shi ninkin ba ninkin a wasu gidaje. Ita EPA a daftarin babban rahotonta na 2015 ta ce ba ta ga shaidar lahani mai yaɗuwa ko'ina ba, masananta masu ba da shawara suka ce lambobin ba su goyi bayan wannan jimlar ba, a Disambar 2016 ta cire ta.

Iyalai biyu ne suka ƙi sasantawa suka kai har gaban masu yanke hukunci a kotun tarayya da ke Scranton. Kafin a kai nan an riga an zaftare ƙarar tasu, abin da ya rage kawai shi ne an takura musu zama a gidansu. Maris 2016 aka ba su dala miliyan 4.24. Bayan shekara guda alƙali Martin Carlson ya soke hukuncin ya ce a sake shari'a, daga cikin dalilansa akwai raunin shaidar masanansu da kuma cewa bayanan da aka gabatar sun nuna an fara kukan ruwan tun kafin a fara haƙa rijiyoyin da ake zargi. Ka ga maganar takardar nan ta dawo. Daga baya a 2017 su ma suka sasanta.

A ɓangaren lafiya dole mutum ya yi adalci, Dimock ya yi ƙanƙanta a ce an ƙirga cuta a cikinsa an ɗora wa gas. Mutanen sun yi kukan ƙuraje da ciwon kai da jiri, amma babban hoton daga faɗin jihar ya fito. Wani bincike na 2017 ya duba haihuwa sama da miliyan 1.1 a Pensilbaniya tsakanin 2004 da 2013, ya ga matan da ke zaune cikin kilomita 1 da rijiyar firakin yiwuwar su haifi jariri mara nauyi ya ƙaru da kashi 25 cikin ɗari. Masu bincike na Johns Hopkins da suka yi aiki da bayanan asibitocin Geisinger sun ga ƙaruwar haihuwar bakwaini da tashin asma a kusa da wuraren da aikin ya fi yawa. A Agustan 2023 jami'ar Pittsburgh, a binciken da jihar da kanta ta biya bayan iyaye a kudu maso yammacin jihar sun tada hankali kan kansar yara, ta ce yaran da ke cikin mil 1 da rijiyar gas yiwuwar kamuwa da kansar limfoma ta ninka sau 5 zuwa 7, duk da cutar ba mai yawa ba ce tun asali. Waɗannan binciken alaƙa suke nunawa, ba su ce ta ruwa ba ne ko ta iska, wasu ma sun fi zargin iskar da hayaƙin manyan motoci. Amma ka riƙe wannan: su suna ganin alama a kilomita 1, doka kuma tazarar da ta sa tsakanin rijiyar gas da gidan mutum ƙafa 500 ce, wajen mita 150.

Ita wannan ƙafa 500 ɗin daga sabuwar dokar 2012 ta zo, wadda ake kira doka ta 13. Ta yi abin kirki, ta faɗaɗa waccan kariyar ta ƙafa 1,000 da wata 6 zuwa ƙafa 2,500 da wata 12, ta sa kamfanoni biyan kuɗi ga yankunan da ake haƙa. Amma a cikinta aka cusa abubuwa biyu masu ciwo. Na ɗaya ta ƙwace wa ƙananan hukumomi ikon cewa ba a haƙa a unguwar zama. Na biyu ta ce likita na iya neman sunan sinadarin da kamfani ya ɓoye a matsayin sirrin kasuwanci don ya yi wa mara lafiya magani, amma sai ya sa hannu cewa zai riƙe sirrin. Dan Allah ka duba wannan, likita ya ga abin da ke cutar da mara lafiyarsa amma yana tsoron ya faɗakar da sauran mutanen layin. Kotun ƙolin jihar ta rushe na farkon a Disambar 2013, wasu alƙalan suka dogara da sashen kundin tsarin mulkin jihar na 1971 da ya ce tsaftataccen ruwa da iska haƙƙin jama'a ne har da waɗanda ba a haifa ba, na likitocin kuma ta rushe shi a 2016. Maƙwabciyarsu New York, wadda ke iyaka da gundumar Susquehanna kuma dutse ɗaya ne a ƙarƙashinsu, ta zauna ta nazarci shaidun lafiya na shekaru, a Disambar 2014 ta ce ba za a yi firakin a ƙasarta ba.

Abin da ya motsa maganar Dimock daga ƙarshe ba hukumar muhalli ba ce, mai gabatar da ƙara ne. Antoni janar na jihar a lokacin, Josh Shapiro, ya sa wani kwamitin bincike na kotu ya shafe shekara 2 yana sauraron shaidu, a Yunin 2020 aka tuhumi Cabot da laifuka 15, guda 9 manya. Rahoton kwamitin bai tsaya kan kamfanoni ba, ya ce DEP da ma'aikatar lafiya sun gaza kare jama'a, ya ba da shawarwari 8 ciki har da a mayar da tazarar nan ƙafa 2,500 kuma a bayyana duk sinadaran kafin a yi amfani da su. Majalisar jihar ba ta taɓa tazarar ba. A 2021 Cabot ya haɗe da wani kamfani ya koma Coterra Energy. Ranar 29 ga Nuwambar 2022 Coterra ya tsaya a kotun Montrose kan ƙaramin laifi ƙarƙashin dokar tsaftar rafuka ta jihar, bai ce ya aikata ba kuma bai musa ba, ya yarda zai ba da dala miliyan 16.29 kamfanin ruwa na Pennsylvania American Water ya gina musu layin famfo, ya kuma biya musu kuɗin ruwa na shekara 75. Wato abin nan dai da aka yi musu alkawari a 2010 aka fasa, shi aka dawo kansa bayan shekara 12, wasu daga cikin waɗanda suka fara kukan sun tashi daga garin wasu sun rasu.

A wannan ranar dai, DEP ta sa hannu kan wata takarda daban da Coterra wadda ta ɗage haramcin nan na murabba'in mil 9. Ba za a kafa injin haƙa a cikin yankin ba, amma an yarda a kafa a wajensa a lanƙwasa a bi ta ƙarƙashin Dimock a kwance. Ba a faɗi wannan a taron manema labaran da aka yi ranar ba, sai bayan kusan sati biyu kamfanin dillancin labarai na AP ya buga, wasu daga cikin mutanen da suka yi ta godiya a ranar suka ce an ci amanarsu. Layin famfon an sa 2027 a matsayin lokacin kammala shi, kafin nan ruwan roba ne da na'urar tacewa.